Ƙofar da Aka Bar wa Injiniya

Lacca ga malamai, ɗalibai da masu sana'ar sadarwa na Tambuwal da Kebbe



Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamaina da ke zaune a gaba, waɗanda wasunsu su suka fara riƙa mini hannu a kan allo, ina neman izininku in yi magana a gabanku. 'Yan'uwana masu shagunan kwamfuta da masu POS, da ƙannena ɗalibai, na nan cikin gari da na Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da waɗanda suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, sannunku da hanya.

Babu wanda ke cikin ɗakin nan da ya manta watan Satumba na 2021. A farkon watan aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Kafin watan ya ƙare, gwamnanmu na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar cewa an rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da mahaifarsa. Matakin gwamnati ne saboda 'yan bindiga, kuma ban zo yau don in yanke masa hukunci ba. Na fara da shi ne domin a lokacin muka san nauyin abin nan da muke kira sabis. Mai POS ya kulle rumfarsa. Mai albasa ya ɗora kaya a mota bai san farashin da zai tarar ba. Uwa ta yi kwana da kwanaki ba ta ji muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas ba, wasu har suka hau babur suka tsallaka ƙasar Kebbi don kiran minti biyu. Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, muka sake ɗanɗana wani iri: takardar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, ka tsaya gaban mai shinkafa kana jiran alat ɗin da ya ƙi zuwa.

Abin da ya kawo ni shi ne in gaya muku cewa irin wannan shirun, mutum ɗaya na iya jawo shi. Ba ya buƙatar bindiga ko takardar hukuma, ba sai ma ya taɓa jin sunan Kebbe ba. Masana suna kiran abin harin hana aiki: a durƙusar da na'ura har ta kasa yi wa masu ita hidima. Hanyoyinsa suna da yawa, amma ɗaya zan ɗauka, wadda na fi gani da idona kuma ta fi ba ni takaici, domin ƙofar da ake shigowa ta cikinta mu ma'aikata ne muka buɗe ta da hannunmu.

Duk inda intanet ke gudana, a banki, a ƙarfen sabis, a ɗakin jarrabawar JAMB, akwai wasu akwatuna a bayan fage. Ɗaya shi ne rauta. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: ya dubi kowane saƙo ya ce wannan motar Jega zai shiga, wancan ta Sakkwato. Ɗayan shi ne suwic, mai haɗa kwamfutocin gida ɗaya su ji juna. Kowane akwati cikinsu yana da babbar ƙofa inda saƙonnin jama'a ke wucewa, yana kuma da wata 'yar ƙofa ta baya wadda aka yi wa mai kula da shi kaɗai. Tambuwal garin ribaɗi ne, nan Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsaron wannan kusurwa ta daula, don haka maganar ƙofa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin ganuwa ya ji cewa 'yar ƙofar da ake bar wa 'yan gida ta fi ba masu gadi wahala, domin ita ce ake mantawa a buɗe.

Kada wani ya ce to a toshe ta mana a huta. Ba za ta toshu ba, kuma a ƙasa irin tamu ta fi zama dole. Daga nan zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Daga nan zuwa ƙauyukan Kebbe, in damina ta yi nisa, kun fi ni sanin yadda hanya take, ga kuma fargabar da ta hana mutane tafiyar yamma. Injiniya ɗaya yana iya riƙe da na'urori 200 a garuruwa daban-daban. In ba daga nesa zai riƙa leƙa su ba, to ba zai san wadda ta yi zafi ba, ko wadda wayarta ta tsinke, sai jama'a sun kwana uku babu netwok.

Don wannan buƙatar aka ƙirƙiro wata ƙa'idar magana tsakanin injiniya da na'ura, ana kiran ta SNMP. An fara rubuta ta a 1988, aka daidaita ta a 1990, kuma har yau tana cikin kusan kowace na'urar sadarwa, har da injin buga takarda na ofis. Injiniya yana aika tambaya ta ƙofa mai lamba 161: zafin jikinki nawa, kaya nawa suka wuce ta kanki yau, wace waya ce ta mutu? Na'ura ta amsa. In wani abu ya same ta ba zato, ita da kanta take yin kururuwa ta ƙofa mai lamba 162. Harafin farko na sunan SNMP yana nufin mai sauƙi, kuma da gaske an sauƙaƙa ta, domin lokacin da aka yi ta intanet 'yar unguwa ce ta jami'o'i da ma'aikatun bincike, kusan kowa ya san kowa. Shaidar da take nema kalma ɗaya ce tak, wadda ke tafiya tsirara a kan waya, duk mai saurare ya gan ta. Kamfanoni kuma suka riƙa fito da na'urori da kalma iri ɗaya: public don karanta bayani, private don canza saiti. Shekaru sama da 30 ke nan, har yanzu nakan buɗe na'ura in tarar da su yadda suka fito daga kwali.

Wannan rauni na farko ke nan, kuma sakaci ne. Na biyu ya fi zurfi, ina roƙon ku ba ni hankalinku a kansa.

Kowane saƙon SNMP yana zuwa da bayanin kansa a goshi. Yana cewa ni iri kaza ne, tsawona kaza ne, sannan abin da ke ciki ya biyo. Ku ɗauki mai awo a kasuwa wanda ya saba da mutanen kirki. Ka ce masa mudu 2 na gero ka kawo. Ya ajiye ƙwarya mai cin mudu 2, ya juya yana sallamar wani. Kai kuma ka kwance bakin buhu ka yi ta tuttulawa. Gero ya cika ƙwarya, ya malala cikin dawar maƙwabci, ya binne ma'auni, ya binne littafin bashi. Da ya waiwayo, ba abin da zai iya sai ya tsayar da ciniki ya share wuri ya fara daga farko. Haka na'ura take. In wanda ya rubuta manhajarta ya yarda da abin da saƙo ya faɗa game da kansa bai auna ba, saƙo ɗaya mai ƙarya ya isa ya cakuɗa mata ƙwaƙwalwa. Sai ta mutu ta sake tashi. Tashin yana cin mintoci, tana gama tashi a sake jefa mata wani. Mai harin bai kashe datar da ta kai ta aika hoto ɗaya ba, amma duk wanda ke bayan wannan akwati ya yanke daga duniya. In kuma gwani ne, yakan tsara abin da ya malala ɗin ya zama umarni, na'urar ta koma tasa.

Wasu masu bincike a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan ne suka fito da girman wannan matsala. Sun haɗa saƙonni sama da 50,000 da aka lalata da gangan, wani ya yi ƙaryar tsawo, wani ya zo da abin da ba a zata ba, suka yi ta jefa wa na'urorin kamfanoni. Ranar 12 ga Fabrairu 2002 cibiyar CERT ta Amurka ta fitar da gargaɗi, jerin waɗanda abin ya shafa ya haɗa da Cisco da Microsoft da HP da Sun da wasu da dama. A ƙarshen wannan shekarar aka tabbatar da zubi na 3 na SNMP, mai sunan mai shiga da kalmar sirri da ɓoye saƙo.

Da a ce maganar ta tsaya a 2002, da tarihi kawai na zo ba ku. A watan Yuni na 2017 Cisco ya sanar da wasu ɓarakoki irin wannan a SNMP na na'urorinsa, ya kuma fitar da gyara. A watan Afrilu na 2023 hukumomin tsaron Birtaniya da Amurka suka bayyana cewa masu kutse na leƙen asirin sojan Rasha sun yi amfani da ɗaya daga cikinsu a 2021, suka shiga na'urori a Turai da Amurka da na mutane kusan 250 a Yukiren. Shekara 4 bayan an fitar da magani, masu na'urorin ba su sha ba, kuma wasunsu kalmar public ce ke tsaron ƙofarsu. A watan Satumba na 2025 Cisco ya sake sanar da wata, wadda aka riga aka fara amfani da ita kafin sanarwar. Wanda ke da ko kalmar karatu kawai yana iya sa na'ura ta mutu ta tashi, kuma ɓarakar ta shafi dukkan zubin SNMP, har da na 3. Na ambaci Cisco ne don shi ne babba kuma yana bayyana nasa a fili. Ƙananan kamfanonin da ba sa sanarwa sun fi ba ni tsoro.

Labarin da na fi so ku tafi da shi gida a Afirka ta Yamma ya faro. Wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya karɓi kwangila daga wani ma'aikacin kamfanin waya na Cellcom a Laberiya, a kan ya durƙusar da abokin hamayyarsu, Lonestar. Kishin kasuwa ne zalla. Kaye ya ɗauki wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ke bin na'urorin da aka bari da kalmar sirrin kamfani tana mayar da su bayi, ya tara runduna. A watan Nuwamba na 2016 ya sake ta kan Lonestar da ƙarfin da ya girgiza intanet na ƙasar, wadda a lokacin igiya ɗaya ce ta ƙarƙashin teku ke ɗauke da ita. Bai ƙoshi ba, yana son ƙarin bayi. Sai ya juya ga wata ƙofar injiniya, mai lamba 7547, wadda kamfanonin sadarwa ke amfani da ita ta ƙa'idar TR-069 don gyara rautocin gidajen mutane daga ofis. Ranar 27 ga Nuwamba 2016 manhajarsa ta fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa a Jamus. Rautocin kamfanin Deutsche Telekom ba su kamu da cutar ba, amma ba su iya jure ƙwanƙwasar ba, suka yi ta faɗuwa. Gidaje kusan 900,000 suka rasa intanet, da yawa har da wayar gida da talabijin. An kama shi a filin jirgin Luton a watan Fabrairu na 2017, kotu a birnin Kolon ta same shi da laifi, sannan a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 saboda abin da ya yi wa Laberiya.

Ku duba waɗanda suka sha wahala a Jamus. Ba su san Lonestar ba, ba su san Cellcom ba, shi ma mai harin bai nufi ya kashe musu na'ura ba. Ƙofarsu ce kawai take kallon titi lokacin da ya wuce.

Akwai kuma yadda ake mayar da na'urarka sandar dukan wani ba tare da an ma shiga cikinta ba. SNMP ba ta yin sallama kafin magana. Saƙo ya zo, ta duba adireshin da ke jikinsa, ta mayar da amsa can, ba ta tambaya ko da gaske daga can ya fito. A zubi na 2 kuma an ƙara wani umarni da ke cewa ba ni bayani mai yawa a tashi ɗaya. Sai ya zama kamar mutum ya zaga wurin masu itace 500, ko'ina ya ce shi ne wane, a kai kaya ɗaya ƙofar gidansa da safe. Shi kalma biyu ya furta a kowane wuri. Wane kuwa ya wayi gari jakuna da amalanke sun cika masa layi, ba shiga ba fita, kuma kowane mai itace yana ganin aikin halal ya zo yi. In rautarka na cikin masu kai itacen, datarka ce ke ƙonewa, netwok ɗinka ne ke jan ƙafa, adireshinka ne kuma zai fito a matsayin mai laifi.

Masu shaguna, na san da yawanku MikroTik kuke amfani da shi, na ƙasar Latbiya, don yana da araha kuma yana da ƙarfi. A 2018 aka gano ɓaraka a Winbox, manhajar da ake saita shi da ita ta ƙofa mai lamba 8291, wadda ke ba baƙo damar kwashe kalmomin sirri. Kamfanin ya gyara a watan Afrilu na shekarar. To a watan Satumba na 2021, daidai lokacin da mu nan muke neman sabis ido rufe, kamfanin Yandex na Rasha ya sanar da harin da ya kai buƙatu miliyan 21.8 a daƙiƙa ɗaya, kuma mafi yawan rundunar rautocin MikroTik ne. Bayanin da MikroTik ya yi shi ne, na'urori ne da aka sace kalmominsu tun 2018, masu su kuma ko da sun sabunta manhaja ba su canza kalmar ba.

Na san abin da ke zuciyar wasu: wa ya san da mu, me muke da shi da za a nema? Adireshin intanet na tsohon tsari duka-duka kusan biliyan 4.3 ne. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka fitar da wata manhaja mai suna ZMap wadda ke iya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a dukkansu cikin ƙasa da awa ɗaya. Akwai shafuka irin su Shodan da aikinsu ke nan, tara jerin na'urorin da ƙofarsu ke buɗe, kowa ya je ya duba. Na'urar da ke sintiri ba ta san bambancin Kuchi da Landan ba, lamba take bi. Gaskiya ne cewa wanda ke shan intanet ta layin waya kawai galibi yana ɓoye bayan adireshin kamfani, ba a iso shi kai tsaye daga waje, kuma wannan rufin asiri ne. Amma makaranta ko asibiti ko ofishin da ya karɓi adireshin kansa don a riƙa leƙa kyamarori daga nesa, ya fito fili. Sannan akwai na cikin gida. Duk wanda ka sayar wa tikitin Wi-Fi na awa ɗaya ya riga ya shigo zaure, kuma in ba ka raba ɗaki ba, yana kallon 'yar ƙofar nan.

Wata shekara, ana saura 'yan kwanaki a fara jarrabawa, aka kira ni wata cibiyar kwamfuta a ɗaya daga cikin garuruwan yankin nan. Netwok yana ɗaukewa duk bayan 'yan mintoci. Kafin in zo sun canza batiran sola, sun sayi sabuwar inbata, sun sa an sake jan waya. Mai wurin, dattijo mai mutunci wanda ya zuba kuɗin sallamarsa na aiki a harkar, ya ja ni gefe ya ce yana zargin an yi masa hannu, domin akwai wanda suka yi takara wajen neman wurin. Na shiga ɗan ɗakin da akwatin yake. Ƙura ta yi masa rawani, ɗakin na warin roba mai zafi. Ina tsaye fitilunsa kore suka mutu gaba ɗaya, sannan suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ta taga ina hango wata yarinya cikin farin hijabi tana sake buga lambar rajistarta da yatsa ɗaya, karo na uku, tana duba takarda tana duba allo, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Na buɗe littafin da na'ura ke rubuta abin da ya same ta. Layi bayan layi, adireshi ne daga ƙasashen da mai wurin bai taɓa jin sunan wasunsu ba, duk suna dukan ƙofar injiniya. Wanda ya kafa musu na'urar ya bar ta a buɗe ga duniya don ya riƙa gyara daga inda yake ba sai ya zo ba. Daga baya ya samu aiki a wani gari, ya canza lamba, kalmar sirri ma ta tafi da shi. Manhajar ciki ba a taɓa sabunta ta ba tun ranar da aka saye ta. Rufe ƙofar bai ci minti 20 ba. Kuɗin batir da inbata kuwa sun riga sun tafi, kuma dattijon nan ya kwana yana zargin maƙwabcinsa da abin da bai yi ba. Wannan zargin ya fi kuɗin tsaya mini a rai, don na san yadda irinsa ke raba zumunci a garuruwanmu.

Ban ce matashin da ya kafa na'urar mugu ne ba. An biya shi kuɗin kafawa, ba a yi da shi maganar kulawa ba. A nan matsalarmu take. Mukan sayi na'ura kamar yadda ake sayen kujera, a ajiye a manta. Da yawa ma na gwanjo ne, waɗanda wani kamfani a Turai ya yar don masu ƙera su sun daina fitar musu da gyara. Tana kunnuwa, fitila na haske, farashi rabi, sai mu ce mun yi sa'a. Duk ɓarakar da aka gano a cikinta daga ranar da aka daina kula da ita, tana nan har ta mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa bango ne da maginin ya ce ba zai sake yaɓa shi ba.

'Yan'uwana masu wannan aiki, maganata da ku kai tsaye ce. In ba ka amfani da SNMP a na'ura, kashe ta, haka Telnet da duk wata ƙofar da ba ka san amfaninta ba. In kana amfani da ita, koma zubi na 3, kuma ka gaya wa na'urar adireshin da za ta saurara kaɗai, ta yi watsi da saura tun kafin ta buɗe saƙonsu. Wannan matakin na fi ba muhimmanci, domin saƙo mai guba ba ya cutar da na'urar da ba ta karɓe shi ba, ko da ɓarakar da ba a gano ba tukuna ce. Kada ƙofar saiti ta kalli intanet. In dole ka yi gyara daga Sakkwato, shigo ta rufaffiyar hanya ta VPN, sannan ka isa ƙofar daga ciki. Raba hanyar kwastoma da hanyar kulawa. Ranar da ka sabunta manhaja, canza kalmar sirri a ranar. Ajiye kwafin saiti a wani wuri dabam, domin na ga mutanen da suka kwana biyu suna ƙoƙarin tuna abin da za a mayar cikin minti 5. Masu raba intanet ga wasu kuma, akwai ƙa'ida tun shekara ta 2000 da ake kira BCP 38, wadda ke cewa kada ka bar saƙo mai adireshin ƙarya ya fita ta hanyarka. Da kowa na bin ta, da mai odar itacen nan bai samu bakin magana ba.

Iyayenmu, shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomi, ranku ya daɗe, ba sai kun san lambar ƙofa ba. Ku ne ke sa hannu a takardar saye, kuma nan ne ƙarfinku yake. Kafin a biya ɗan kwangila, a tambaye shi har zuwa wace shekara kamfanin zai ci gaba da gyara wannan na'ura, kuma wa zai riƙa sabunta ta bayan ya tafi. A sa ya rubuta kalmar sirri a rufe cikin ambulan a hannun shugaban wurin, a rubuta kuma wa da wa ke iya shiga daga nesa. In ya ɓata rai don an tambaya, wannan ma amsa ce. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, kuma hakan ya yi daidai, amma hankalinmu ya fi tafiya ga mai satar batir da mai tsinka waya da diga. Akwatin da ke cikin ɗakin shugaban makaranta, babu jami'in Abuja da zai zo ya rufe masa ƙofa.

Ƙannena ɗalibai, na ga idanun wasunku sun yi haske lokacin da nake bayanin ƙwarya da buhu, kuma na ji daɗin haka, don wannan sha'awar ce ta kawo ni inda nake. Amma ku sani dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mayar da hana na'urar wani aiki laifi mai ɗauri da tara, ko da wasa ka ce kake yi. Bayan doka kuma akwai haƙƙi: wataƙila netwok ɗin da ka kashe don gwaji shi ne wani ke jira ya tura kuɗin magani. Masu binciken Oulu a ɗakin gwajinsu suka karya na'urori, suka sanar da masu su kafin duniya ta ji. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi tsohuwar rauta, ku karya ta, ku gyara ta, ku sake karya ta. Yankin nan na buƙatar wanda za a kira daga Kebbe ya iso kafin azahar, ba sai an jira mota daga Sakkwato ba.

Bayan sallar la'asar zan dawo ɗakin nan da kwamfutata. Wanda ya zo da na'urarsa ya kawo, wanda bai zo da ita ba ya kira gida a karanto masa sunan samfurin da ke jikin takardar ƙasanta, mu duba tare ko har yanzu ana fitar mata da gyara, da kuma ƙofofin da ke buɗe. Ina roƙon mutanen gari su yi haƙuri mu fara da baƙinmu na Kebbe da Kuchi, don su kama hanya da sauran rana.